Motar Da Ba Ta Kwana A Daji



An ce in yi magana kan abin da ke sa ɗan kasuwa ya riƙe amanar abin da ya saba saye. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ban taɓa sayen gingimari ba, amma a gidan direba na tashi, don haka da motar kawuna zan kafa hujja.

Marsandi ce ƙirar 911 mai bodin katako, irin wadda kamfanin ANAMMCO ya riƙa haɗawa a Inugu. Ta hannu ya saye ta. Gero da dawa take ɗauka daga Gummi, ta bi ta Daki Takwas da Anka zuwa Gusau, wani lokaci ta ratse Bukkuyum ta kwaso wake. Ba ta da sauri, ga hayaƙi, a hawa kuwa har mai keke yana iya yi mata dariya. Amma injinta ba shi da wani sirri. Duk makaniken bakin hanya ya san cikinta, kayan gyaranta kuma ana samunsu a Gusau ko Sakkwato. Da ta tsufa, wata 911 ɗin ya nema, duk da an yi ta kwaɗaita masa DAF.

Na taɓa ce masa wannan ai ra'ayin riƙau ne. Lokacin ina jami'a, ina jin na san tattalin arziki. Sai ya ce, "Ɗana, kai farashi kake dubawa. Ni ina ƙirga dararen da na kwana a daji."

Ban fahimce shi ba sai da tsaro ya taɓarɓare. Kowa a nan ya san abin da ake nufi da mota ta mutu tsakanin Anka da Daki Takwas bayan La'asar. Da, asarar kwana ɗaya ce. Yau direba da yaransa ne a bakin 'yan bindiga, ga kuɗin fansa.

Yanzu motocin Howo na ƙasar Sin sun cika hanya, har Ɗangote ya shiga haɗa su a Legas tun 2017. Suna da rangwamen kuɗi, matasa kuma suna saye. Ɗan kawun nawa ya sayi ɗaya bara. Uban bai hana shi ba, cewa ya yi dai a bar ta ta ga damina biyar a hanyar Gummi tukuna.