Digiri Ko Sufana: Kowa Ne Ya Kamata Ya Je Jami'a?

Yau magana ce da na san za ta sosa wa wasu rai: jami'a ta kowa ce, ko ta masu kaifin ƙwaƙwalwa ce kawai?

Bari mu fara da lissafi. A JAMB ɗin 2025, ɗalibai kusan miliyan 2 ne suka zauna, kuma fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. A shekarar aka tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, kwalejin fasaha kuwa 100. To ku lura da saƙon da ke ciki. An gaya wa yaro tun bai shiga ba cewa foli wajen waɗanda suka gaza ne.

Ni ra'ayina, ba kowa ne ya kamata ya je jami'a ba. Amma ku tsaya, kar ku yi saurin tafa min, don ban yarda da masu cewa "a bar wa masu ƙoƙari" ba su ma. Wane ne mai ƙoƙarin? Yaron da ya yi firamare a aji mai mutum sama da ɗari, a zaune a ƙasa, bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, shi za ka gwada da wanda aka yi wa lesin tun yana nazare? Sau da yawa makin nan makarantar da ka yi yake aunawa, da aljihun babanka. Kuma ɗan mai kuɗi idan makinsa ya gaza, jami'ar kuɗi tana nan, ko a kai shi Masar ko Indiya. Ashe dokar "sai mai ƙoƙari" a kan ɗan talaka kaɗai take aiki.

Kano ta taɓa gwada tacewa ta gaskiya. A 1977 aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu. Jarrabawa ake yi, a ɗebo yara masu basira har daga ƙauyuka, a ba su kwana da abinci da malamai. Likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can ba su ƙirguwa. Tacewa ce, amma an fara shirya yaron kafin a auna shi.

Yanzu mu leƙa Sharaɗa da Challawa da Bompai. Ka shiga masana'antar roba ko ta jimar fata, ka tambayi manaja wa ya fi tsoron ya ajiye aiki. Ba mai digirin da ke ofis ba ne. Wanda ya iya gyaran injin narka roba ne, da mai naɗin kwayil, da mai kula da tukunyar tururi, da mai walda wanda ɗinkinsa ba ya yoyo. Injin ya tsaya, ma'aikata sun zauna, ana ƙona dizal a banza, kowa shi yake jira. Fatar da ake jemewa a Challawa har Italiya da Sifen ake kai ta, kuma wanda ya san ma'aunin sinadarin jima shi ne riba, shi ne asara. Wani lokacin daga Legas ake kiran mai gyara, ko a ɗauko ɗan Indiya, alhali ga matasanmu a bakin get da fayil a hammata suna neman aikin leburanci. Wallahi abin da ciwo.

To me ya sa iyaye ba sa tura 'ya'yansu wannan hanya? Ba wauta ba ce, sun ga abin da suka gani. Tun daga tsarin SAP na 1986, ga rashin wuta, ga kayan waje da suka cika Kantin Kwari, masaƙu da kamfanoni da yawa sun rufe, wasu gine-ginen Bompai sun koma sito. Tsarin 6-3-3-4 da aka kawo a shekarun 1980 don yara su koyi sana'a tun a ƙaramar sakandare, a makarantu da dama injinan a cikin akwatinsu suka yi tsatsa, ba wuta ba malami. Mai HND kuma ya shiga aikin gwamnati ya tarar da rufi a kansa, mai digiri ya zo daga baya ya wuce shi. Kai, ko neman aure ka je, "wace jami'a ya yi?" ake fara tambaya.

A Jamus, matashi yakan yi kwana uku ko huɗu na mako a kamfani, sauran a makarantar sana'a, ana biyansa albashi, tsawon shekara biyu zuwa uku da rabi. Ya gama da takardar da duk ƙasar ta yarda da ita, kuma idan ya so ci gaba da karatu ƙofa a buɗe take. Mu ma muna da ITF tun 1971, muna da SIWES, muna da NBTE a Kaduna. Amma ɗan IT nawa ne aka bari ya taɓa inji? Sayo abinci, sa hannu a littafi, shi ke nan wata shida sun wuce.

Abin da zan so in gani a Kano shi ne kamfanonin Sharaɗa da Challawa su ƙulla yarjejeniya da kwalejojin fasaha irin na Wudil da Bagauda: yaro ya koyi aiki a kan injin gaske, a biya shi, ya fita da shaida. Idan ya kai shekara 25 ya ga yana son zama injiniya, BUK ko jami'ar Wudil su lissafa masa shekarun nan, kar a ce ya koma layi ɗaya da ɗan shekara 16.

Ƙanina da ke riƙe da 140 yana shirin zama na uku, kafin ka sake sayen fom, ka je Sharaɗa ka tambayi mai naɗin kwayil nawa yake karɓa a kan babban moto guda ɗaya.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.