Katin Gaisuwa: Sana'a Ga Matasanmu, Zumunci Ga Garinmu

Jawabin da kwamitin matasa da sana'o'i ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyarmu, a Kafanchan.

 

Da aka ce kwamitinmu ya zo da magana a kan wata sana'a wadda yaranmu za su iya kamawa ba tare da babban jari ba, mun zauna mun yi ta shawara, daga ƙarshe muka tsaya a kan katin gaisuwa. Mun san wasu za su ce, to, duk matsalolin da ke damunmu, sai maganar kati? Muna roƙon a yi mana haƙuri a saurare mu, domin abin yana da ƙanƙanta a ido, amma akwai abinci a cikinsa, akwai kuma zumunci.

Yadda abin yake a da

Iyayenmu da ke zaune a nan sun fi mu sani. Tun da layin dogo na gabas ya ratsa nan ya haɗu da Kaduna, aka kuma ja reshe zuwa Jos a 1927, Kafanchan ta zama mahaɗa. Fadar Sarkin Jama'a ta dawo nan a 1933. Ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa suka zo daga ko'ina, suka zauna tare da mutanen Fantswam, da Bajju, da Kagoro, da Kaninkon, da Atyap, da Ham, da sauransu. Garin da ke da mutane irin wannan ba ya rabuwa da wasiƙa. Idan azumi ya kai goman ƙarshe, mutum zai sayi katin Barka da Sallah a kantin littattafai, ya rubuta suna, ya sa a ambulan, ya manna kan sarki, ya kai gidan waya. Idan Disamba ta zo, haka maƙwabtanmu Kirista suke yi. Sau da yawa katin yakan shiga gida tare da kwanon abinci, na Sallah ya tafi can, na Kirsimeti ya zo nan.

Kwanan baya wani dattijonmu ya buɗe mana tsohuwar adakarsa. Takardun fili sun ci sun cinye, amma ga katunan da abokan aikinsa na tasha suka aiko masa suna nan a ɗaure da zare. Wasu daga cikin masu aiko su sun rasu. Ya ce mana in ya ga rubutun hannunsu, kamar ya ji muryarsu yake yi.

Asalin katin da ake bugawa a sayar daga Ingila yake. A 1843 wani mai suna Henry Cole ya sa aka zana masa katin Kirsimeti a Landan, aka buga guda 1,000. Amma ƙawata rubutu don girmama mutum ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya taɓa ganin allon zayyana ranar saukar Alƙur'ani ya san Bahaushe ya daɗe da sanin launi da tsari.

To me ya kashe katin? Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, aka koma tes. Daga baya WhatsApp ya zo. Yanzu ranar Sallah hoto ɗaya ne zai shigo maka daga mutum ashirin, babu sunanka, babu sunan wanda ya yi shi, kowa turawa kawai yake yi. Kafin la'asar ka goge don waya ta cika. Ba mu ce waya ba ta da amfani ba. Cewa muka yi gaisuwar da ba a sha wahalarta ba, ba ta daɗewa a zuciya.

Kayan aiki

Abin farin ciki shi ne, na'urar da ta kashe katin ita ce kuma za ta iya tayar da shi. A shekarun 1990 sai mai maɗaba'a ko mai bizines santa ne ke iya tsara kati, da manhajar CorelDRAW, wadda wani kamfani na Kanada ya fitar a 1989, kuma har yanzu masu buga katin biki da kalanda suna aiki da ita. Yau kuwa yarinya da wayar hannu za ta iya tsara kati da Canva, wadda aka fara a Ostareliya a 2013, ko da PixelLab, wadda matasanmu suka riga suka saba da ita wajen haɗa hotuna. Wanda ba shi da firinta ba sai ya saya ba. Ya tsara a gida, ya kai fayil ɗinsa shago a buga masa.

Sauran kayan duk na kasuwa ne: kwali, rula ta ƙarfe, reza ko almakashi mai kaifi, gam, zare, ambulan, da biro mai kyau. Game da kwali, takardar da ake hoto-kofi da ita giram 80 ce, ta yi laushi, kati ba zai tsaya ba. A nemi mai giram 250 zuwa 300, amma a fara tambayar mai shago ko injinsa yana jan mai kauri haka.

Yadda ake yi

Na farko, awo. Takardar A4 tana da faɗin milimita 210 da tsawon 297. In an naɗe ta biyu, an sami babban kati. In an yanka ta biyu sannan aka naɗe kowane rabi, an sami ƙananan kati biyu, kowanne 105 da 148. Ke nan kwali 100 zai ba da kati 200. A sa wannan awon a manhaja tun kafin a fara zane, ba bayan an gama ba.

Na biyu, a tuna cewa fuskar kati tana hannun dama ne na shafin, bayansa yana hagu. Masu koyo da yawa sukan juya, sai an buga an naɗe a ga gaisuwar ta koma baya. A kuma bar fili kamar milimita 5 daga baki, domin ƙananan firintoci ba sa bugawa har gefe.

Na uku, launi. Allon waya da haske yake nuna launi, firinta kuwa da tawada huɗu take haɗawa: shuɗi, da ja mai ruwan hoda, da rawaya, da baƙi. Shi ya sa kore mai ƙyalli a waya yakan fito a dushe a takarda. Saboda haka kada a buga 200 kai tsaye. A buga ɗaya, a fita da shi rana a duba. Kuma launi biyu ko uku sun isa. Kati ba zanen atamfa ba ne.

Na huɗu, hoto. Hoton da aka yi ta turawa a WhatsApp ya riga ya raunana, in an buga sai ya fito dishi-dishi. Gara mutum ya ɗauki nasa. Allah Ya hore mana abin ɗauka: ga ruwan Matsirga, ga dutsen Kagoro, ga tsohuwar tashar jirgi, ga hawan Sallah a ƙofar fada, ga citta a shanya. Ɗanmu da ke Legas ko Saudiyya in ya ga dutsen Kagoro a kati, ba sai an ce masa daga gida ba ne. Kada kuma a ɗauki zanen wani a sayar ba da izininsa ba, wannan cin haƙƙi ne.

Na biyar, kuma a nan muke so a buɗe kunne: rubutun Hausa. Haruffan nan masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, tun shekarun 1930 aka tsayar da su a hukumar talifi ta Zariya, zamanin Rupert East, kuma ba don ado aka yi su ba. Mu kanmu abin ya taɓa cin mu. Mun kai katin wani taro a buga mana a wani shago, muka rubuta manyan baƙi, da aka kawo sai muka ga manyan baki. Dattawa suka yi ta dariya, wani ya ce ai ba a yi ƙarya ba, tunda shinkafa ba ta yi saura ba. Abin dariya ne, amma da katin wani basarake ne fa? Maganin abin mai sauƙi ne. Madannin Gboard yana da Hausa, a kunna shi. Sannan ba kowane salon harafi ne ke da waɗannan haruffa ba, musamman masu ado, sai ka ga ɗan akwati a gurbin ƙ. Noto da Andika suna da su. In an gama, a ajiye aikin a PDF kafin a kai shago, don kada kwamfutar mai shago ta canza harafin. Kuma a ba wani ya karanta kafin a buga, mai rubutu ba ya ganin kuskurensa.

Malamanmu sun ja hankalinmu a kan abu ɗaya, muna kuma isar da shi: a guji buga ayoyin Alƙur'ani a kan kati, domin ba a san inda zai ƙare ba, wani a ƙasa, wani a ƙunshin ƙosai. Gaisuwa da addu'a cikin Hausa sun wadatar.

Aikin hannu

Da firinta ta gama, aiki bai ƙare ba, yanzu ma aka fara. Kafin a naɗe kwali, a ɗora rula a tsakiya, a ja layi da biron da tawadarsa ta ƙare, sannan a naɗe. In ba haka ba kwalin zai tsage a gaɓa, musamman da hunturu. Da damina kuwa, kun san ruwan Kafanchan, a bar tawada ta bushe sosai, a ajiye katunan a leda.

Daga nan sai ado. Ragowar shadda ko atamfa da teloli ke sharewa, a yanka ƙanana a manna. Guntun fata daga wurin dukawa. Dagi da aka ɗinka da zare, irin na wuyan riga. 'Yan matanmu masu zanen lalle, hannun da ke zana fure a tafin amarya zai iya zana shi a gefen kati. Wannan shi ne abin da ba a samu a intanet, kuma shi ne zai sa mai saye ya biya fiye da kuɗin bugu.

Cikin katin kuma a bar shi fari. Mai aikawa ya rubuta da hannunsa, ya ambaci sunan wanda yake gaisarwa. In tsoho ne da ya fi sabawa da ajami, a rubuta masa da ajami.

Game da kasuwa, kada a jira Sallah kaɗai. Akwai aure, da suna, da sauka, da dawowar alhazai, da naɗin sarauta, da gama makaranta. Ga ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ga na reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke nan garin. A lissafa kuɗin kwali, da bugu, da gam, da ambulan, da data, da ladan hannu, kafin a yanka farashi. Wanda ya manta ladan hannunsa, aikin banza yake yi.

Wa za a kai wa?

Jama'a, a nan ne zuciyar maganarmu take. Ba sai mun tuna wa kowa abin da garin nan ya gani ba. Maris 1987, wanda ya faro daga Kwalejin Ilimi. Zangon Kataf a 1992. Rikicin 1999. Sai Afrilu 2011, bayan zaɓe, lokacin da kasuwar Kafanchan ta ƙone, aka yi asarar rayuka a nan da Zonkwa da Matsirga da wasu wurare. Kowane ɓangare ya binne nasa. Tun daga nan unguwanni suka rarrabu, har ya zama akwai yaran da aka haifa a garin nan da ba su taɓa shiga gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. A Maris 2016 wakilan al'ummomi daga ƙananan hukumomi biyar, Jama'a da Kaura da Zangon Kataf da Kachia da Sanga, suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya a nan Kafanchan. Manya sun yi nasu. Amma takardar da manya suka sa wa hannu ba ta shiga zaure, sai an sami mai ɗaukar ta da ƙafa.

Ba mu ce kati zai hana rikici ba, ba mu kai nan da wauta ba. Abin da muka sani shi ne, da wuya mutum ya yarda da jita-jita a kan gidan da ya san sunan yaransa. Mun kuma san malamai suna da maganganu a kan gaisuwar bukukuwan addini, kowa ya bi abin da malaminsa ya karantar da shi. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da wannan ba, ai ƙofofi suna da yawa. Maƙwabcinka ya yi haihuwa, 'yarsa ta ci jarrabawa, an kwantar da shi a asibiti, an yi masa rasuwa, mutanen Kagoro suna bikin Afan ranar 1 ga Janairu. Haƙƙin maƙwabci dai babu malamin da ya yi saɓani a kansa.

Kuma kada a aika katin ta hannun ɗan acaɓa. Zumunta a ƙafa take. Maigida ya sa rigarsa, ya riƙe hannun ɗansa, su je su yi sallama, a zauna ko na minti biyar ne. Yaron nan shi ne zai zauna da yaran gidan bayan ba mu.

Roƙonmu

Muna roƙon abu uku. Na ɗaya, ƙungiya ta ba mu ɗaki da kwamfuta ko da guda ɗaya ce, mu riƙa koyar da yara ranar Asabar, maza da safe, mata bayan azahar, kuma ƙofa a buɗe take ga 'ya'yan maƙwabtanmu. Na biyu, masu maɗaba'a da bizines santa da ke cikinmu su karɓi yaran nan su ga yadda ake aiki, su kuma sassauta musu kuɗin bugu. Na uku, kowane magidanci da ke wannan zaure ya yi niyyar kati biyar a Sallar da ke tafe, ya saya a hannun yaranmu: uku ga dangi, biyu ga maƙwabtan da aka daɗe ba a taka ƙofarsu ba. Iyayenmu mata, mun san ku ne kuka riƙe zumuncin kwano lokacin da maza suka daina gaisawa, muna roƙon ku ja mana gaba.

Abin da muka faɗa daidai, Allah Ya ba mu ladansa baki ɗaya. Inda muka yi kuskure, iyayenmu su gyara mana. Allah Ya ja zamanin Mai Martaba Sarkin Jama'a da sauran sarakunan kudancin Kaduna, Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da Kafanchan da Nijeriya lafiya.