Zangon Farko Da Kaka: Ina Iyaye Suke?

Jawabin da aka gabatar a taron shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, a Daura



An umarce ni in yi magana a kan dangantakar gida da makaranta. Fagen yana da faɗi, saboda haka zan tsaya a kan watanni huɗu kawai, wato daga Satumba zuwa Disamba, domin a ganina a cikinsu ne igiyar da ke tsakanin iyaye da malamai ta fi saurin tsinkewa.

Dalili kuwa a fili yake. A ƙasar Daura, ranar komawa makaranta da ranar shiga gona yankan gero kusan tare suke zuwa. Kafin a gama da gero, wake da gyaɗa sun nuna, bayansu ga dawa tana jira. Magidanci a ƙauyukan Baure ko Zango ko Sandamu, wanda abincin shekararsa ke kwance a gona, in ya ce wa ɗansa ya dakata mako biyu kafin ya koma, ba ƙin boko ya yi ba, lissafi ya yi. Sai dai akwai abin da lissafin nasa bai ƙunsa ba, domin babu wanda ya taɓa zama ya bayyana masa.

Tun da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982, jarrabawar ƙarshen zango ta daina zama ita kaɗai ce ma'auni. Ana tara wa yaro maki daga gwaje-gwajen aji da aikin gida, abin da malamai ke kira Si-E, kuma yakan kai maki 30 ko 40 cikin 100. Hukumar WAEC ma tana karɓar wannan maki daga makarantu, ya zama kashi 30 cikin 100 na sakamakon yaro. To, gwajin farko yakan faɗo ne a makonnin farko na zango. Yaron da ya dawo a makare ya tarar an yi gwaji ba shi, an kuma wuce babi biyu na lissafi. Uban ba zai ji labari ba sai Disamba, ranar da aka miƙa masa katin sakamako da Turanci, da jan biro a ciki. Wani lokaci ma katin ba ya isa gida. Duk wanda ya zauna a ajin nan ya san inda irin wannan kati yake kwana, ba sai na faɗa ba.

Ga kuma zazzaɓin cizon sauro, wanda ya fi tsanani a ƙarshen damina, daidai lokacin da yaran aji ɗaya suke sabon zuwa, ba su san kowa ba. Yaro ɗan shekara 12 ya yi kwana uku a kwance a ɗakin kwana, uwarsa tana gida tana zaton yana aji.

Akwai wani abu da nake so iyayen 'yan ajin ƙarshe su riƙe da kyau. Daga wannan zango ake fara tattara sunaye domin rajistar WAEC da NECO. Tun daga 2021 kuma hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar ɗan ƙasa, wato NIN. Mu da ke aikin gwamnati muna ganin abin da ke biyo baya: a takarda ɗaya an rubuta Muhammadu, a wata Mohammed, a nan sunan uba, a can sunan kaka ko na gari, ranar haihuwa kuma iri biyu. Gyaran da uba zai yi cikin minti biyar a ofishin makaranta a watan Oktoba, shi ne yake komawa rantsuwa a kotu da kashe kuɗin mota bayan shekara uku, ga gurbin karatu yana neman kuɓucewa.

Ba na son tayar da tsohon miki, amma dole in ambaci daren 11 ga Disamba, 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Kwanaki aka yi ana kai-kawo a kan yawan yaran da suka ɓace. Tun daga ranar, littafin da ke ɗauke da sunan kowane yaro, da garinsu, da lambar wayar wanda za a kira, ya wuce a ce masa aikin ofis.

To, mene ne namu a ciki? Mun saba in an ce tsofaffin ɗalibai sai a tuna da fenti da kujeru da rijiyar burtsatse. Duk suna da kyau, kuma suna fitowa a hoto. Amma malamin aji mai yara 70 ko fiye ba zai iya bin gida-gida ba, alhali mu kusan babu gundumar da ba mu da mutum a cikinta. Shawarata ita ce, a mako na shida na zango, malamin aji ya fitar da 'yar takarda da Hausa, layi uku kawai: kwana nawa yaro ya yi fashi, nawa ya ci a gwajin farko, wane darasi ne ke ba shi wahala. Ƙungiya ta ɗauki nauyin bugawa, wakilinmu na kowace gunduma ya kai ta hannu da hannu, ya karanta wa wanda bai iya karatun boko ba. A mako na shida akwai sauran lokacin gyara. A Disamba kuwa sai dai faɗa da bulala.

Sa'an nan a dubi ranar taron iyaye da malamai. In aka sa shi ranar Lahadi, an haɗa shi da kasuwar Mai'aduwa, kuma kowa ya san wanda zai yi rinjaye. Daga baya sai a ce iyaye ba su damu ba. A tambayi masu unguwanni da dagatai ranar da ta dace kafin a buga takardar gayyata.

Iyaye mata kuma fa? Uwa ce ta san ko yaro ya karya kumallo, ita ta san ko yarinya ta fara cewa ta gaji da makaranta, amma da wuya ka gan ta a zauren taro. Wannan aiki na 'yan'uwanmu mata ne, tsofaffin ɗalibai, waɗanda za su iya shiga har cikin ɗaki su zauna a kan tabarma a yi maganar.

Ya shugaban taro, ina roƙon kafin a tashi, sakatare ya zagaya da takarda, kowa ya rubuta sunansa da gundumarsa da lambar wayarsa, a miƙa wa shugaban makaranta kafin a koma hutu.