Raunin Injin Feshin Fenti a Hannun Masu Rufin Kwano

Maganar da na zo da ita yau ta yatsa ce, watau yatsan mai rufin kwano.

Kwano in ya yi tsatsa sai fenti, a manyan ayyuka kuwa injin feshi ya ture burushi. Akwai irin injin nan wanda ƙarfin turinsa ya kan kai ninki 100 na iskar tayar mota, alhali ninki 4 ya isa ya huda fatar mutum. Bakinsa ya kan toshe, ma'aikaci ya sa ɗan alinsa na hagu zai share, sai fenti ya shige cikin nama. Safar hannu ba ta tare shi.

To, ga inda haɗarin ya ke. Abin da ido zai gani huji ne kamar na allura, da fari ma ba zafi sosai, sai mutum ya ɗaure da tsumma ya koma kan rufi. Nan kuwa fenti ya bi jijiya har tafin hannu, yana cin nama, kumburi yana toshe hanyar jini. Fentin mai da ruwan tsinka shi sun fi ɓarna. Tun 1937 wani likita, Rees, ya bayyana irin wannan rauni a hannun mai aikin injin dizal, saboda haka makanikai ma su ji. A 2006 likitoci biyu a Amurka suka tattara labarin raunuka 435, suka tarar wajen 30 cikin 100 sai da aka yanke.

Maganinsa fiɗa ce, a buɗe a wanke, an fi so cikin awa 6. Wanzami ba shi da aiki a nan, ko da ya ke ba na raina sana'arsa. Kada a matse, kada a gasa. Mutumin Gwaram kada ya ce sai gari ya waye. A nemi mota zuwa Asibitin Tarayya na Birnin Kudu.

Ina roƙon hakimai su sa dagatai su tara magina su gaya musu: a kashe inji, a sauke ƙarfinsa kafin a taɓa bakin. Malamai kuma, ku rubuta lokacin da abin ya auku a takarda, a tafi da ita wurin likita tare da gwangwanin fentin.