Peugeot 504 da Toyota Supra a Hanyar Argungu

Duk wanda ya taɓa kallon tseren motoci na bikin kamun kifin Argungu ya san ƙura da gargada ne ke tantance mota. A 1975 Peugeot 504 ta lashe gasar Safari a Kenya, shekarar da aka fara harhaɗa ta a Kaduna. Toyota Supra ta 2019 ta fi ta gudu nesa ba kusa ba, amma cikinta dab yake da ƙasa, kuma sai da kwamfuta ake gano ciwon injinta. Fijo kuwa, bakanike a Birnin Kebbi zai kwance kafiretarta da sifana, ya wanke da fetur, ya mayar, ta tashi. Mai neman mota, ya fara duba hanyarsa da bakanikensa kafin ya tambayi gudu.