Kada A Kwashe Jini Da Hannu: Jawabin Duba-Gari A Bahindi

Wannan shi ne jawabin da wani jami'in duba-gari ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci a Bahindi, cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi.

Bayan sallama da gaisuwa, jami'in ya fara da abin da kowa ya sani. Ya ce idan mota ta kaɗe mutum, ko aka sari wani a faɗa, ko mara lafiya ya yi aman jini ya cika, akan ɗauke shi a bar jinin a ƙasa. Sai matan gida su zo da tsumma da tsintsiya, su gyara wurin da hannu. Niyyarsu mai kyau ce, amma ta nan cuta take shiga gida.

Ya ce jini yana ɗauke da cututtukan da ido ba ya gani. Ƙwayar cutar hanta takan yi kwana 7 da rai a cikin busasshen jini. Akwai kuma zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969. Ɓera ne ke kawo shi, amma yana bin jini da amai da fitsarin mara lafiya ya kama mai jinya. A 2014 ya ɓulla a Tangiyeta ta Jamhuriyar Benin, har ma'aikatan asibiti suka mutu. Mutanen Bagudo kuwa kullum suna ƙetare iyaka ta Tsamiya da Lolo, cuta kuma ba ta san iyaka ba.

Saboda haka, in ji shi, gyaran irin wannan wuri aiki ne na waɗanda aka horar. Idan kisa aka yi, kada kowa ya taɓa komai. A kori yara da dabbobi, a sanar da mai unguwa da 'yan sanda, domin abin da ke wurin shaida ne. Idan kuwa zazzaɓi mai zubar da jini ne ya kashe mutum, a sanar da asibiti mafi kusa kafin a taɓa gawa ko shimfiɗa.

Daga nan ya bayyana yadda ma'aikata suke yin aikin. Sukan sa safar hannu ta roba da dogon takalmin roba, su rufe hanci da baki. Sai su haɗa maganin wanki irin su Jik da ruwa a bokitin roba: gwangwani 1 na magani, gwangwani 6 na ruwa. Su rufe jinin da tsumma, su zuba haɗin a kai, su jira minti 15 kafin su kwashe. Tabarma ko katifar da ta sha jini, ƙone ta ake yi. Ƙasar da jini ya jiƙa, a haƙe ta a binne nesa da rijiya. Kada a zuba komai a kogi, domin jama'a na sha.

Ya ce inda ma'aikaci ya yi nisa, kuma rauni ne kawai, mai gida zai iya bin wannan hanya. In babu safa, ya sa leda biyu a kowane hannu. Mai ciwo a hannu kada ya yi aikin. Kada a gauraya Jik da wani magani, kuma kada haɗin ya kwana. Bayan an gama, a wanke hannu da sabulu sosai.

Wata dattijuwa ta tambaya: "Malam, to wankan gawa fa?" Jami'in ya amsa: "Inna, haƙƙin mamaci yana nan. Amma idan cutar mai yaɗuwa ce, ma'aikata da liman za su shirya shi tare. Malamai sun ce inda wanka bai yiwu ba, taimama ta wadatar. A yi masa salla, a kai shi makwancinsa."

A ƙarshe ya roƙi ɗalibai su karanta wa maƙwabta wannan bayani, musamman mata, tun da su ne aikin yake faɗawa a kansu. Ya ce wanda ya taɓa jinin mara lafiya, in ya ji zazzaɓi cikin kwana 21, ya hanzarta zuwa asibiti, ya faɗi abin da ya taɓa. Aka tashi da addu'a.