A wanke injin kafin a sauke giya: jawabin kwamitin sufuri a taron cikar shekara

 An ba kwamitin sufuri minti kaɗan, kuma mun zaɓi mu kashe su kan abin da wasu za su ce na garaji ne, ba na taro ba: yoyon baƙin mai a tsofaffin motocinmu na daji. Dalili shi ne, yawancinmu jarinsa biyu ne, kaya da mota, kuma galan ɗin baƙin mai da ake ƙarawa kowace tafiya daga ribar kaya yake fita.

Motar da muke nufi kowa ya san ta. Land Cruiser ce samfurin 70, wadda Toyota ta fara yi a 1984, mai injin 1HZ da ya fito a 1990: silinda shida, lita 4.2, gazuwal, ba turbo. Ita ce ke shiga kasuwannin ƙauye bayan an bar kwalta, ita ce ke yin Agadas zuwa Dirku, sama da kilomita 600 na rairayi. Tare da ita akwai tsohuwar Hilux mai injin 3L ko 5L. Wasu cikinsu sun haura shekara talatin. Ƙarfen yana da sauran rai, amma roba ba ta kai wannan shekaru. Zafin Afrilu da Mayu yana busar da ita, ƙurar hunturu tana cin ta, zama kuma ya fi duka lahani. Motocin da suka yi watanni a ajiye lokacin da aka rufe iyaka daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, da kuma daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, da yawansu da yoyo suka tashi.

Abin da muke so kowa ya tafi da shi gida shi ne: inda mai yake ɗiga ba nan ne yake fita ba. Mai yana gangarowa ƙasa, iskar tafiya kuma tana kora shi baya. Don haka kusan kowane yoyo, ko daga ina ya taso, a mahaɗar injin da giya yake taruwa ya ɗigo. Bakanike mai gaggawa ya leƙa, ya ga ɗigo a wurin, ya ce sil ɗin bayan injin ne. Wannan sil ɗin ba shi da tsada, amma kafin a kai gare shi sai an sauke giya gaba ɗaya. Aikin yini ne ko biyu, kuɗin hannu mai nauyi, kaya na jira. A mayar da komai, bayan kwana uku ɗigon ya dawo, saboda tun farko daga murfin saman injin yake, wanda robarsa ba ta da tsada.

Saboda haka kada mai mota ya yarda a kwance ko noti ɗaya sai an wanke injin. A bar shi ya huce, a rufe oltaneta da bakin shan iska da leda, a wanke da kananzir da garin sabulu daga sama har ƙasa. Ban da fetur. In ya bushe sarai, a barbaɗa hoda, irin ta jarirai ɗin nan, a duk mahaɗun da ake zargi. A tayar da injin ya yi zafi, a ɗan zaga gari, a dawo a haska tocila daga sama zuwa ƙasa, daga gaba zuwa baya. Wuri mafi tsawo da hodar ta jiƙe, nan ne bakin zaren. Da dare a shimfiɗa kwali a ƙarƙashi, da safe a duba.

Kwalin nan yana faɗin abubuwa da yawa. Man injin gazuwal baƙi ƙirin ne. Man giya yana da kauri da wani wari mai hawa kai, ba ya ɓuya. Man sitiyari ja ne ko ruwan ƙasa. Gazuwal kuma in ya tsiyayo daga famfo ya wanko dattin jikin injin, sai ya yi kama da baƙin mai, amma hanci zai raba gardama. In ɗigon mahaɗar giya yana warin man giya, to ba injin ba ne ke yoyo, sil ɗin gaban giya ne.

Masu arha su ake fara dubawa: robar murfin sama, wasar notin juye da ake ta maimaitawa har ta lanƙwashe, filta da aka ɗaura bisa tsohuwar robar da ta manne, da ɗan abin nan mai waya da ke kunna fitilar mai a gaban direba, wanda in ya tsufa yakan zubar da mai ta jikinsa. Masu Hilux su duba bayan oltaneta, domin famfon iskar birki a nan yake, kuma tiyon mai na shiga yana fita.

Akwai wuri ɗaya da za mu daɗe a kansa, domin shi aka fi mantawa. Injin yana numfashi. Kullum akwai ɗan hayaƙi da ke wuce ringin fistin ya faɗa cikin injin, kuma akwai tiyo daga murfin sama da ke fitar da shi zuwa bututun iska. In tiyon ya toshe da datti, ko ya lanƙwashe, ko wani yaron garaji ya cusa masa noti don ya ga yana jiƙa bututu, hayaƙin zai nemi wata hanya. Sai ya tura mai ta kowane sil, ta gaba, ta baya, har ta bakin geji. Mai mota ya sauya sil uku, duk su sake zuba, ya ce kayan jabu aka sa masa. Wata sa'a jabun ne, ba mu musa ba, kasuwa cike take da su. Amma a duba tiyon tukuna. Sannan, injin yana aiki da zafinsa, a kwance murfin zuba mai a ɗora shi a bakin ba tare da an murɗa ba. In yana ɗan rawa kawai, lafiya. In hayaƙi na cilla shi, ringi sun gaji, kuma babu sil ɗin da zai riƙe. Gara mutum ya san haka a Maraɗi ko Katsina, inda akwai kayan gyara, ya fara tara kuɗin aikin injin.

Ba kowane yoyo ne ke hana tafiya ba. Danshi da ya tara ƙura a gefen murfi zai iya jiran juye na gaba. Amma uku ba sa jira. Na farko, mai a cikin murfin bel ɗin taimin. Sil ɗin da ke gaban sandar bawul in ya zuba, bel ɗin yake jiƙawa, mai kuma yana ruɓar da bel. In ya tsinke, fistin zai daki bawul. Tsofaffin samfura a kilomita 100,000 ake sauya bel ɗin, to a sauya sil ɗin rana ɗaya. Na biyu, mai yana yawo a saman ruwan lagireto, wanda sau da yawa daga abin sanyaya mai da ke gefen injin yake. Na uku ya fi ruɗi: geji ya nuna mai yana ƙaruwa maimakon raguwa. Wannan gazuwal ne ke shiga ciki, yana tsinka man har ya kasa riƙe ƙarfe.

In bincike ya tabbatar sil ɗin baya ne, to a yi shi sau ɗaya. Tunda giya ta sauka, a duba kuloci, domin mai ya riga ya taɓa shi, a kuma shafa wurin da sil ɗin ke hawa da farce. In ya yi gurbi, sabon sil ba zai zauna ba sai an sa masa hannun riga ko an ɗan gusa mazauninsa. Gam kuma a sa shi siriri. Wanda aka lafta, rarar tana faɗawa cikin kaskon mai ta toshe rariyar famfo, injin ya buga alhali geji a cike yake. Haka nan dabarar zuba man giya don a yi kauri: ɗigo zai ragu, amma da asuba man ba zai hau sama da wuri ba.

Sauran magana ta iyayen gida da direbobi ce. Injin 1HZ yana ɗaukar kusan lita goma, kuma wanda ya saba ƙara lita ɗaya kullum ba ya lura ranar da ta zama uku. Muna roƙon kowane mai mota ya sa ƙaramin littafi a aljihun gaba. Direba ya auna da safe, a fili mai daidai, kafin ya tayar, ya rubuta kilomita da abin da ya ƙara. Ba don zargi ba ne. Littafin yana kare direban kansa ranar da aka ce mai ya yi yawa a lissafi, kuma shi za a miƙa wa bakanike kafin ya faɗi farashi. Kwamiti zai zagaya tasha mako mai zuwa bayan an gama lodi, duk mai so a duba tasa ya kawo ta a wanke.